Injin Jirgin Ruwa: Ɗaura Shi da Zaɓar Masa Farfela

Gulbin Zamfara, wanda ke gangarowa daga wajen Gummi ya ratsa ƙasar Kebbe ya nufi Jega, inda ake ce masa Gulbin Gindi, hali biyu gare shi. Da damina, tun daga watan Yuli har Satumba ta fita, yakan cika ya batse, ya shafe fadama, ya raba mutum da gonarsa da kasuwarsa da asibiti. Da rani kuwa sai ya janye, ya bar rairayi da 'yan gurabe, har yaro ya ƙetare shi da ƙafa a wurare da yawa. Tafkunan ƙasar Tambuwal, irin su na Romo, su ma haka suke cika su ragu. Tun kaka da kakanni jirgin itace ne abin fito a waɗannan wurare, ana tuƙa shi da filafili da gora, kuma sarakunan ruwa ke lura da mashigai.

A 'yan shekarun nan an yi asarar rayuka mai yawa a ruwayen da ke kewaye da mu. A watan Afrilu na 2022 jirgi ya kife da mutanen Gidan Magana a ƙasar Shagari, mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara da matasa. A Satumba na 2024 wani ya nutse da manoma a Gummi, aka rasa fiye da 40. A Agusta na 2025 kuma wani jirgi ɗauke da mutum fiye da 50 ya kife a kan hanyar kasuwar Goronyo. Bayan wannan ne Gwamnatin Jihar Sakkwato ta raba jirage masu inji da rigunan ruwa ga ƙananan hukumomin da ke bakin gulbi, masu hali kuma suna ta sayen nasu injunan suna ɗaura wa jiragensu na katako.

Wannan ci gaba ne, amma sai an yi hattara. Inji ba ya rage nauyin kaya, ƙara shi yake yi, gama injin doki 15 ya kusa kilo 40, na doki 40 kuwa ya ɗara kilo 70, dukan nauyin nan kuma a gindin jirgi yake zama. Sa'an nan injin da ya mutu a tsakiyar gulbi ran da ruwa ya kawo ya fi rashinsa hatsari, domin jirgin da ya rasa abin tura shi yakan juya ya ba igiyar ruwa haƙarƙarinsa, mutane su firgita su miƙe tsaye, abin da ake gudu ya auku. Yawancin mutuwar inji irin wannan kuwa ba daga masana'anta take ba. Tana farawa ne tun ranar da aka ɗaura shi inda bai kamata ba, ko aka sa masa farfelar da ba ta dace da aikinsa ba.

Sassan da ke cikin ruwa

Wani mutumin Nowe da ke zaune a Amurka, Ole Evinrude, shi ya fara sayar da irin wannan inji da yawa a 1909. Kamfanin Yamaha na Japan ya fito da nasa na farko a 1960, kuma irin nasa da ake kira Enduro shi ya fi yawa a ruwayen Nijeriya, ko da yake akwai na Suzuki da Tohatsu da waɗanda ake kawowa daga Sin. Duk sifarsu ɗaya ce. Akwai kai, inda fistin da fulogi suke, akwai ƙafa mai sauka cikin ruwa, a ƙarshen ƙafar kuma akwai gidan giya da farfela.

Abu uku ya kamata mai jirgi ya duƙa ya duba da idonsa. Na ɗaya, wani faifan ƙarfe shimfiɗaɗɗe da ke bisa farfela kamar rumfa. Aikinsa shi ne ya hana farfela jawo iska daga saman ruwa. Na biyu, 'yan ƙofofi da ke ƙarƙashin faifan nan, a jikin gidan giya, waɗanda ta nan inji ke shan ruwan da ke sanyaya shi. A cikin ƙafar akwai wani ɗan famfo mai fikafikan roba da ke tura ruwan sama, ya zagaya kan inji, kaɗan daga cikinsa ya fito ta baya yana tsartuwa. Matuƙa na ce wa wannan fitsarin inji, kuma shi ne shaidar famfo na aiki. Robar nan ruwa ne man shafawarta, in ta juya a bushe ko na 'yan daƙiƙoƙi ne sai ta ƙone. Na uku, wata 'yar ƙofar hayaƙi a bayan ƙafar, can sama kusa da kai, wadda inji ke numfashi da ita sa'ad da yake aiki a hankali. Dukan maganar ɗaura inji a kan waɗannan uku take: faifai da ƙofofin shan ruwa su zauna cikin ruwa kullum, ƙofar hayaƙi kuma ta zauna a sarari kullum.

Tsawon ƙafa da wurin ɗaurawa

Injuna iri biyu suka fi yawa a kasuwa. Akwai mai gajeriyar ƙafa, wanda aka yi domin allon baya mai tsayin inci 15, watau santimita 38, da mai doguwar ƙafa, domin allo mai inci 20, watau santimita 51. A injunan Yamaha harafin ƙarshe na lambar inji ke nuna wannan, S gajere, L dogo. Amma kada a dogara ga lamba kaɗai, gama sau da yawa ƙafar takan ɗara abin da aka ambata da inci ɗaya ko biyu. A sa ma'auni a auna daga cikin ƙugiyar da ke hawa kan allo zuwa faifai. Wanda bai sayi inji ba tukuna, jirginsa zai fara aunawa kafin ya tafi kasuwa. Mutane da yawa sukan yi akasin haka, su sayi inji don sun same shi da araha, sa'an nan su dawo suna sassaƙar jirgi don ya dace da shi.

Ga yadda ake aunawa. A jawo jirgi kan tudu, a ɗaura inji a tsakiyar allon baya daidai, a tsai da ƙafarsa a miƙe. A samo katako madaidaici a manna shi a ƙarƙashin jirgi ta tsawonsa, a bar bakinsa ya zarce baya har ya kai ga ƙafar inji. Inda katakon ya taɓa, nan ne layin cikin jirgi. Littafin Yamaha ya ce faifai ya zauna daidai da wannan layi, ko ya sauka ƙasa da shi da abin da bai wuce milimita 25 ba, watau inci ɗaya.

To, amma a nan akwai abin lura. An tsara wannan ƙa'ida ne domin jiragen roba da na goran ruwa masu shimfiɗaɗɗen gindi, waɗanda in sun yi gudu sukan taso su riƙa sulɓi bisa fuskar ruwa. Irin jiragen da gwamnati ke rabawa suna bin ta sosai. Jiragenmu na katako kuwa ba haka suke ba. Dogaye ne, masu nauyi, suna keta ruwa ne, ba su hawa kansa, kuma da yawa cikinsu gindinsu ya tsuke ya ɗaga sama, har in ba kaya ba ya taɓa ruwa. Wanda ya bi layin cikin irin wannan jirgi zai tarar farfelarsa tana shan iska. Saboda haka a jirgin katako daga fuskar ruwa ake yin awo. A sa jirgi a ruwa babu kaya, matuƙi ya zauna inda ya saba zama, wani ya sa sanda ya auna. Ya kamata faifai ya nutse da kamar inci 4, watau santimita 10, ko abin da ya ɗara haka kaɗan. Sa'an nan a ɗora wa jirgin iyakar kayan da aka yarda ya ɗauka, a sake dubawa, a tabbata ƙofar hayaƙi tana sarari, kan inji kuma ya yi nisa da ruwa. Wurin da ya gamsar da awon nan biyu, nan ne mazaunin injin.

Dalilin gwadawa sau biyu shi ne jirgin fito ba ya zama da nauyi ɗaya. Da safe ya tafi da mutane da buhuna, da rana ya komo wayam. Ko a cikin tafiya ɗaya ma, da an kusa gaɓa sai fasinja su ruga gaba kowa na son ya riga sauka, goshin jirgi ya nutsa, gindi ya ɗaga, farfela ta fito daidai lokacin da matuƙi ya fi bukatarta. Wannan ɗabi'a tilas yaran jirgi su hana ta.

In inji ya yi sama da yawa, kunne ma ya isa ya gane. Za a ji ya yi kururuwa farat ɗaya, amma jirgi bai ƙara sauri ba, musamman wajen juyawa ko in ana 'yar igiya. Farfela ce ta kama iska, tana juyawa cikin kumfa. Fitsarin inji zai riƙa yankewa yana dawowa, ko ya fito da zafi yana tururi. Wanda ya ci gaba da tafiya a haka zai ƙone robar famfo, daga nan kan inji ya yi zafi, fistin ya kumbura ya kafe a cikin gidansa. Gyaran wannan yakan ci kuɗin fito na watanni.

In kuwa ya yi ƙasa da yawa, ɓarnarsa a hankali take zuwa, shi ya sa mutane ba su cika lura da ita ba. Ƙafar da ta nutse fiye da kima ja take yi kamar an ɗaura wa jirgi reshe, mai ya ƙare da wuri, ruwa ya riƙa fantsama yana shigowa ta baya, kuma ita ce ke fara cin karo da rairayi da kututture. In ƙofar hayaƙi ta nutse, inji zai yi wuyar tashi, in ya tashi kuma ya riƙa mutuwa da an rage wuta, watau daidai lokacin da ake shirin tsayawa. Mafi muni, in an tsaya da sauri igiyar da ke bin jirgi a baya takan hau kan injin da ya yi ƙasa, ruwa ya shiga inda mai ke shiga.

Gyaran na biyun ya fi sauƙi. Kafinta ya samo katako mai ƙarfi, irin su maɗaci ko ƙirya, ya ɗora bisa allon baya ya ɗaure shi da noti, ba da ƙusa kaɗai ba. A riƙa ƙarawa da rabin inci rabin inci ana gwadawa, kada a ɗaga da yawa gaba ɗaya. A lura kuma matsen inji guda biyu su kama jikin allo na asali sosai, kada su tsaya a kan ƙarin kawai. Saukar da inji shi ke da hatsari, domin abin da ke fara zuwa zuciyar mutum shi ne ya yanke allon baya. Duk incin da aka yanke, an rage tazarar da ke tsakanin ruwa da bakin jirgi ke nan, a daidai wurin da jirgi ya fi nutsewa. Gara a musanya injin da mai doguwar ƙafa, ko a ƙera masa mazauni na dabam a bayan allo. In yankan ya zama tilas, to, a gina wani allo na biyu a gaban inji, mai cikakken tsayi, a toshe shi da kyau, don ruwan da ya shigo ta wurin yankan ya tsaya nan.

Bayan an gama, a ɗaure inji da jirgi da sarƙa ko igiya mai ƙarfi. Matse yakan kwance da girgiza, katako kuma yakan kumbura da damina ya motse da rani. A taɓa matsen da hannu kowace safiya.

Karkatar ƙafa

A jikin mazaunin inji akwai huji huɗu ko biyar a jere, da wani ƙarfe da ake zurawa a ɗaya daga cikinsu, ƙafar inji ta jingina da shi. In an sa ƙarfen a hujin da ya fi kusa da jirgi, farfela na tura gindi sama, goshi ya duƙa yana huɗar ruwa. In an sa shi a na nesa, gindi ya zauna, goshi ya ɗaga, matuƙi ya kasa ganin gabansa. Abin da ake nema shi ne faifai ya kwanta daidai da fuskar ruwa sa'ad da jirgi ke tafiya da kayansa. Da yake kowane kafinta da irin karkatar da yake ba allon bayansa, ba za a ce ga hujin da ya dace da kowa ba, sai an gwada.

Da rani, in ruwa ya ja baya, waɗansu sukan ɗaga inji da katako don kada ya taɓa ƙasa. Ba daidai ba ne. Yawancin injunan nan suna da wani maƙali da ke riƙe ƙafa a ɗan karkace domin ratsa wuri marar zurfi, a hankali, ana duban fitsarin inji. In ruwa ya gaza haka, a kashe inji a ɗaga shi, a ɗauki gora. Rairayin gulbinmu in ya shiga famfo yakan cinye robar kamar an goga ta a dutse.

Lambobin da ke jikin farfela

A jikin kowace farfela an buga lamba biyu, misali 9¼ x 9, ko 11⅛ x 13. Ta farko faɗinta ce, watau faɗin da'irar da fikafikanta ke zanawa, da inci. Ta biyu ita ce abin da za mu kira taku. Farfela kamar noti take, wanda kowane juyi ke shigar da shi gaba kaɗan. Taku shi ne nisan da za ta ci a juyi ɗaya da a ce cikin abu mai tauri take juyawa. Mai taku 13 za ta ci inci 13, mai taku 9 ta ci inci 9.

Wanda ya taɓa tuƙa babbar mota ya riga ya fahimci sauran. Dogon taku kamar babbar giya yake, gajere kuma kamar ƙaramar giya. Direban da ya ɗauko buhu ɗari biyu ba ya hawa tudu da giya ta biyar. Bambancin kawai shi ne injin jirgi ba shi da giyar canzawa, gaba da baya kaɗai gare shi, saboda haka farfelar da aka sa masa ita ce giyarsa ta dukan yini.

Bari mu yi lissafi. Injin Enduro na doki 15 in yana juyi 5,000 a minti ɗaya, giyar da ke ƙafarsa takan rage wannan da fiye da rabi kaɗan, farfela ta yi kamar juyi 2,400. In takunta 9 ne, ta ci inci 21,600 ke nan a minti, watau ƙafa 1,800, wanda ya kama mil 20 da ɗoriya a sa'a ɗaya. Amma ruwa ba katako ba ne, yana zamewa. Jirgi marar nauyi yakan yi asarar kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na wannan nisa, jirgin katako mai kaya kuwa asararsa kan kai rabi. Wannan zamewa ba aibi ba ce, da ita farfela ke samun abin turawa. Abin da lissafin ke nuna mana shi ne sauya farfela zuwa mai dogon taku ba zai sa jirgi mai nauyi ya yi gudu ba, sai dai ya danne injin.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Suna jin injin da ke gurnani a ƙasa-ƙasa sai su ce yana hutawa, wanda ke kuka da ƙarfi kuma su ce yana wahala. Sau da yawa akasin haka ne. Masu ƙera inji sun faɗi yawan juyin da ya kamata ya kai in an ba shi wuta duka. Ga Enduro na doki 15 da na doki 40, daga 4,500 ne zuwa 5,500 a minti. Injin da aka buɗe masa wuta duka amma farfela ta hana shi kai 4,500 yana shan mai cikakke, ba ya ba da ƙarfi cikakke, zafi na taruwa a kan fistin, fulogi na yin baƙi, hayaƙi na toshe shi. Wanda kuma farfelarsa ta yi masa sauƙi har ya zarce 5,500, sassansa ne ke cin juna da sauri. Duka biyu gajarta rai ne, amma a jiragen fito na farkon ya fi yawa, domin farfelar da ke zuwa tare da sabon inji galibi an zaɓe ta ne domin jirgi marar nauyi.

Yadda ake gwadawa

Sai an gama daidaita tsayin inji da karkatarsa kafin a taɓa maganar farfela, gama farfelar da ke shan iska ƙarya za ta faɗa. A nemi agogon ƙidayar juyi. Akwai ƙanana masu araha waɗanda ake naɗa wayarsu a jikin wayar fulogi, kuma guda ɗaya ya ishi dukan matuƙan mashigi ɗaya in sun haɗa kuɗi sun ajiye shi wurin sarkin ruwa. A ɗora wa jirgi cikakken kayansa, amma da buhunan rairayi ko jarkokin ruwa, ba da mutane ba. A zaɓi wuri mai zurfi marar igiya, a ba da wuta duka na minti ɗaya, a karanta agogo, a juyo a sake karantawa.

Ƙa'idar ita ce, duk inci ɗaya da aka rage a taku yana ƙara wa inji juyi kamar 150 zuwa 200, duk incin da aka ƙara kuma yana rage haka. A ce injin doki 40 ne da farfela mai taku 13, aka gwada ya tsaya a 4,300. Ya gaza. Mai taku 11 za ta kai shi wajen 4,700, mai taku 10 kuma wajen 4,900. Masu inji sun ce a zaɓi wadda za ta kai shi tsakiyar iyakar nan ko sama da tsakiya in jirgi na ɗauke da cikakken kaya, saboda haka mai taku 10 ta fi kusa da abin da ake so. Farfelu masu gajeren taku galibi sun fi faɗi, wannan kuwa alheri ne ga jirgi mai nauyi, domin faffaɗar farfela ta fi kama ruwa wajen tashi da wajen tsayawa. Bayan an sauya, a sake gwadawa, da kaya da kuma babu kaya. In babu kaya inji na neman zarce 5,500, matuƙi ya san iyakar inda zai murɗa hannunsa ran da ya komo wayam.

Inda ba a sami agogo ba, a saurari inji. Wanda ya dace yakan amsa nan da nan in an ba shi wuta, muryarsa ta hau har ƙarshe. In an murɗa kashi uku cikin huɗu, aka ƙarasa sauran amma murya ba ta canza ba sai hayaƙi da ya ƙaru, taku ya yi tsawo.

Akwai wata magana da ta shafi aljihu. Jirgin da ke keta ruwa yana da iyakar saurin da tsawonsa ya ba shi. Mai tsawon ƙafa 36 a ruwa, da ya kai wajen mil 9 a sa'a, duk ƙarin wuta sai ya tafi wajen tayar da igiya da zaunar da gindi, saurin da ake samu kaɗan ne ƙwarai. Jirgi siriri yakan ɗan wuce wannan, mai faɗi da kaya da ƙyar yake kai shi. Injin da ake haɗa wa fetur da baƙin mai kuwa, in an buɗe masa wuta duka, yana shan kamar rabin lita a sa'a a kan kowane doki, watau lita 7 ga na doki 15, wajen lita 20 ga na doki 40. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023 wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne. Matuƙin da ya rage wuta zuwa kashi biyu cikin uku zai isa gaɓa bayan ɗan'uwansa da 'yan daƙiƙoƙi, amma da sauran mai a tankinsa, da kuma sauran ƙarfi a hannunsa in igiya ta taso masa. A mashigin da faɗinsa bai kai rabin mil ba, mai sayen doki 40 domin jirgin da doki 15 zai tura, nauyi da tsada kawai ya saya.

Ƙarfen farfela da abin da ke kare giya

Farfelar goran ruwa ta fi dacewa da gulbinmu. Ta farin ƙarfe marar tsatsa ta fi ƙarko, amma in ta bugi kututture ba ta lanƙwashewa, sai bugun ya wuce zuwa sandar farfela da haƙoran giya, waɗanda suka fi ta tsada nesa. Ta goran ruwa ita ke ɗaukar raunin. In bakin fiffike ya ɗan tauye, a goge shi da zarto. In ya lanƙwashe ƙwarai ko wani yanki ya ɓalle, a sauya ta, gama farfelar da nauyinta bai daidaita ba tana girgiza sanda har robar da ke tsare man giya ta saki. Rairayi kuma yana cin fikafikai a hankali, farfela ta ƙanƙance ba a sani ba. In inji ya fara yawan juyi jirgi kuwa ya rage sauri, a gwada ta da sabuwa a ga bambanci.

Ƙananan injuna suna da wata 'yar ƙusa mai laushi da ke haɗa farfela da sanda, an yi ta ne musamman don ta karye in an yi karo. Kada a maye gurbinta da ƙusar kafinta ko guntun waya na keke. Injunan doki 15 zuwa sama kuwa roba ce a cikin cibiyar farfela ke wannan aiki. In ta saki, jirgi zai tafi a hankali, amma da an ƙara wuta sai inji ya yi kururuwa kamar mai shan iska. Don a rarrabe, a ja layi da ƙusa daga cibiya zuwa jikin farfela, a yi 'yar tafiya, a duba. In layin ya rabu biyu, robar ce.

Sau ɗaya a wata, a ruwan da ake kamun kifi kuwa kowane mako, a cire farfela a duba bayanta. Zaren taru da na ƙugiya sukan naɗe a sanda su yanke robar da ke tsare man giya. Alamar ita ce man giya ya koma fari kamar madara, in an ga haka a kai wa makanike kafin a sake shiga ruwa. Kafin a sa hannu kusa da farfela, a cire hular fulogi, a sa giya a tsakiya, a tokare fiffike da guntun katako. A shafa wa sanda giris, a mai da wosha ta baya kafin farfela, domin in an manta da ita farfela za ta ci gidan giya, a ɗaure noti, a sa sabon fil a lanƙwasa ƙafafunsa.

Dokar Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, watau NIWA, ta hana tafiyar dare da ɗaukar kaya fiye da kima, ta kuma wajabta wa kowane fasinja rigar ruwa. Ban da waɗannan, kada jirgi mai inji ya bar gaɓa sai da farfela ta biyu, da noti da fil da sifana a cikin akwati, da filafili biyu da gora a inda hannu zai kai gare su ba tare da an ɗaga buhu ba. Igiyar nan kuma mai kashe inji, wadda matuƙa da yawa ke naɗewa a jikin hannun inji don ta dame su, a wuyan hannun matuƙi ake ɗaura ta, domin in ya faɗa ruwa inji ya mutu nan take, kada jirgi ya juyo kansa da farfela tana aiki.